Layi na Ƙarshe a Kayen Mushe Isufu

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan wata, da muka kai Mushe Isufu makwancinsa a Malbaza. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadakar masa, in kira matarsa in gaishe ta, in koma kan kekena na ɗinki. Bana abin ya ƙi. Na yi sadakar, na yi gaisuwar, amma zama ya gagare ni. Sati uku na yi ina yanka yadi a karkace, har wani Alhaji ya maido mini da riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yana tambaya ko ido ne ya fara tafiya. Idona ƙalau yake. Ƙarya ce na yi wa Isufu yana kwance a gadon asibiti, na rubuta ta da hannuna a kayensa, wato littafin da yake ajiye bincikensa, kuma bana 'yarsa ta tashi za ta kwafe ta zuwa cikin littafin da za ta kai gaban malaman jami'a.

Ni tela ne a Birnin Ƙonni, sunana Abdu. Isufu taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana, saboda haka tun muna tsirara babu maganar da ba na gaya masa. A Tsarnawa muka tashi, lakwal ɗaya, wato makarantar boko, aka sa mu. Ni na faɗi jarrabawa sau biyu na kama allura, shi ya wuce har ya zama malamin kimiyya a makarantar sakandare, aka riƙa kiransa Mushe kamar yadda muke kiran malaman boko. Ni kuwa Sarkin Kulɓa nake ce masa, ko a gaban ɗalibansa, kuma bai taɓa musawa ba.

Asalin sunan a gona ne. Wata damina muna noman gero, babansa ya sare kulɓa da hauya, irin gajeriyar nan mai santsi, mai 'yan ƙafafu, mai ɗigo-ɗigo, da ke nutsewa cikin rairayi. Mu nan an tashe mu da tsoronta, ana cewa dafinta ya kusa na maciji, duk wanda ya gan ta sai ya nemi sanda. Da cikinta ya fashe ba ƙwai muka gani ba. 'Ya'ya ne, cikakku, suna motsi. Ni na ce tir na ci gaba da aikina. Isufu ya tsuguna a wurin har babansa ya daka masa tsawa. Yana ta cewa ai ƙadangare ƙwai yake yi, damo ƙwai, tsaka ƙwai, to ita wannan wa ya koya mata haihuwa irin ta akuya? Tambayar da ya tashi da ita daga wannan kunyar gero ita ce ya tafi da ita kabari.

Da ya girma tambayar ta ƙara tsini. Ya daina mamakin cewa tana haihuwa, ya koma neman abin da ke gaya wa cikinta lokaci ya yi. Ya sha zaunar da ni a shago yana zana mini da allin ɗinkina a kan tebur. Ga mahaifa guda biyu, doguwa-doguwa, 'ya'ya a jere ciki. Ga naman da ke matsawa ya turo su. Ga kuma jijiyoyi, ba na jini ba, waɗannan siraran farare da ke kawo saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka, sun taru a bakin mafita. A ganinsa su ne ke riƙe ƙofa. Idan uwa ta ji tsoro, su ce dakata, ko da 'ya'ya sun isa fitowa. Idan ta samu natsuwa, su saki. Ni na ce masa duk ungozomar ƙauye ta san wannan ba ta shiga lakwal ba, shi ya sa take korar mutane daga ɗaki. Ya ce to, ta sani ga mata, shi yana so ya gani ga kulɓa, ya rubuta yadda wani zai iya gwadawa ya ƙaryata shi.

Ba shi da ɗakin bincike, ba shi da komai sai madubin ƙara girma guda ɗaya da ya tsage a gefe. Tukwanen ƙasa ya jera a bayan gidansa, a inuwar bedi, wato dogon yaro, ya zuba musu rairayi, ya rufe kowace da faifai. Idan ya samu kulɓa mai tsohon ciki sai ya sa ta a ɗaya. Wasu tukwanen yakan buɗe su kullum, ya ɗauki uwar a hannu, ya juya ta, ya mayar. Wasu kuma ba ya taɓawa sam. Ruwa da gara ta cikin kara mai rami yake zura musu, ya leƙa sau ɗaya da tsakar rana ta wata 'yar huda. Sai ya rubuta kwana nawa kowace ta yi kafin ta sauka. Aikin ba ya sauri, don mai ciki ba kullum ake samunta ba, kuma maƙwabta sun sha kai ƙararsa wurin mai unguwa. A shekaru masu yawa tukunya takwas kawai ya kammala.

Ta tara ita ce wadda ya fi sa wa rai. Babba ce, lafiyayya, cikinta ya cika har tana jan sa. Ya ce wannan ba za a taɓa ta ba ko da yatsa. Kwana biyu da rufe ta ciwon hanta da ya daɗe yana ɓoyewa ya kayar da shi a aji, aka ɗauko shi zuwa asibiti a nan Ƙonni.

Da na shiga wurinsa, kafin ma in gama yi masa sannu ya riƙo hannun rigata.

"Abdu, tukunya ta tara na bar maka amana. Kak ka ɗaga hwaihwan nan. Kak ka gusa ta. Ruwa ta kara, gara ta kara. Ka leƙa so guda da rana tsaka, ka tahi abinka."

Na ce, "Kai da ke kwance, ta kulɓa kake?"

Ya ce, "Ni akwai masu dubana. Ita in anka dube ta ne matsala."

Na yi dariya, na ce an gama. Kwana ɗaya na hau moto, wato babur, na tafi Malbaza, na bi bayan manyan motocin siminti ina shaƙar hayaƙi, na leƙa, na dawo. Washegari na zauna na yi tunani irin na mai hankali, kuma har yau idan na tuna da wannan hankalin nawa sai in ji kamar in mari kaina. A wurinmu wa ke barin amana a bayan gidan da ba kowa? Matarsa tana asibiti, yara an kai su Tsarnawa. Akuya za ta iya ture tukunyar, maƙwabcin da ya daɗe yana jin haushi zai iya zuba mata ruwan zafi. Abin da aka ba ka ajiya, kusa da kai ake sa shi, inda idonka ke kai. Sai na naɗe tukunyar da tsohon zane, na ɗaure ta a bayan moto, na kawo ta Ƙonni, na ajiye ta ƙarƙashin teburin yanka a shagona. Ina jin kaina na yi abin kirki.

Daga nan sai masu dubiya. Isufu mutum ne na jama'a. Malamai, tsofaffin ɗalibai, dangi daga Tsarnawa da Alela har Illela, kowa ya fito daga asibiti sai ya biyo shagona ya sha ruwa, a yi jimami. Labari ya bazu cewa kulɓar Mushe tana nan. Na farko da ya ce a nuna masa kawunmu ne, dattijo mai shekara tamanin da ya yi doguwar tafiya a amalanke. Ta yaya zan ce masa a'a? Na ɗaga faifan kaɗan. Bayan shi kuma da wane baki zan hana liman, ko diraktan makarantar su Isufu? Wani ya ce ba ya ganinta, ya tona rairayin da tsinke. Ni kaina, da yake hannuna ba ya iya zama, duk sa'ad da na ɗaga ƙafa daga keke sai in duƙa in duba ko tana lafiya. Haka aka koya mana. Mai ciki da marar lafiya ba a barinsu su kaɗai, wanda bai leƙa ba shi ne marar zumunci.

Duk wanda ya gani sai in ce masa, don Allah kada Mushe ya ji. Kowa ya ce haba, wa zai kai wa majinyaci maganar da za ta tayar masa da hankali? Ba wanda ya faɗa. Mutum fiye da ashirin suka riƙe mini wannan sirri da zuciya ɗaya, suna ganin tausayi ne. Shi kuma kullum na shiga sai ya yi mini godiyar wahalar hanyar Malbaza.

A kwana na shida na same ta a kan rairayi, ba ta nutse ba, ba ta motsi. Na taɓa ta da almakashi, shiru. Ban san abin da ya sa ba, na ɗauki ƙaramin almakashina na buɗe cikin kamar yadda na ga yana yi. Biyar ne, kowane a naɗe cikin 'yar jakarsa, da idanu, da farce, da ɗigon bayansu, babu abin da ya rage musu sai fitowa. Na haƙa rami a bayan shago na rufe su, na wanke hannu, na tafi asibiti.

Ranar idanunsa sun yi rawaya sosai, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Mi kag gani?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ta haihu."

"Nawa?"

"Biyat. Duk da rai."

"Ba ka taɓa ba?"

"Ban taɓa ba."

Wallahi fuskarsa ta canza. Ya yi murmushin da rabona da gani tun kafin ciwon. Ya sa matarsa ta zaro kayen daga ƙarƙashin matashi, ya gwada riƙe biro ya kasa, ya miƙo mini. Ya yi mini shifta da Faransanci, ni kuma na rubuta da ɗan abin da ya rage mini na lakwal: tukunya ta tara, ba a buɗe ba, ba a taɓa ba, ta haihu cikin sauƙi, 'ya'ya biyar masu rai. Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya gyara mini harafi ɗaya. Bayan kwana uku ya cika.

Shekarun nan duka na lallashi kaina da cewa sadaka na yi masa. Mutum yana bakin tafiya, ka ba shi abin da zai tafi da shi cikin farin ciki, ina laifi? Kayen kuma yana cikin akwati, ba mai buɗewa. Nakan ma yi tunanin abin da zai ce da zamanin nan. Wayar da ke aljihun kowane mai tura baro yanzu tana ɗaukar hoto mai motsi, da ya samu irinta da ya ɗaura ta a bakin tukunya ya huta da leƙe, ya huta da amintattu irina. Na san zai yi faɗa a kan maganin feshi da ake zuba wa gonaki, don manoma da kansu suna cewa sun rage ganin kulɓa. Bayan gidansa inda tukwanen suke an yanka fili an yi ginin bulo, bedin ma an sare. Ina jin da ya fi kowa surutu a kan wannan, kuma da ba wanda zai saurare shi, kamar dā.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Ramatu, 'yarsa ta biyu. Tana da shekara goma sha uku ya rasu. Yau tana jami'a tana karatun halittun dabbobi, kuma ba sai na gaya muku dabbar da ta zaɓa ba. Watan jiya ta kira ni, murya cike da murna. Ta ce abin da babanta ya yi zato da tukwanen ƙasa, masana sun ga makamancinsa a wasu ƙadangaru masu haihuwa na wasu ƙasashe. Akwai sinadarin da ke bin jini ya sa mahaifa ta matsa, akwai kuma jijiyoyin da ke iya hana ta. Ta ce a irin kulɓarmu ba ta ga wanda ya duba ba sai shi. Za ta sa kayensa gaba ɗaya a ƙarshen littafinta, da sunansa. Kuma tukunya ta tara ce ta fi kowace tsabta, ita za ta ɗauko ta yi misali da ita.

"Inna ta ce rubutun hannunka ne, Baba. In na zaka hutu ina son ka ba ni labarin ranar."

Na ce Allah ya kawo ki lafiya. Daga ranar ne yadi ya fara karkacewa a hannuna. Na yi ta saƙa da warwara. In na yi shiru, yarinya za ta tsaya gaban malamai ta kare abin da bai faru ba, da sunan ubanta a kai, wani kuma ya zo ya ɗora nasa a bisa. In na yi magana, na ƙwace mata abu mafi kyau da ta gada, na kuma gaya mata murmushin ƙarshe na ubanta ni na ƙera shi. Na je wurin wani malami na yi masa tambayar a kaikaice, ya ce ƙaryar da aka yi don kwantar da hankalin majinyaci tana da sauƙi. Na fito ban ji sauƙin ba, domin majinyacin ya tafi, takardar tana nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tafi Malbaza. Ramatu ta zo hutu, na same ta a tsakar gida bayan sallah, kayen a cinyarta, ta sa masa sabon bango. Ban bari ta kawo mini ruwa ba, don na san in na sha zan fasa. Na faɗa mata komai, tun daga zanen da na naɗe tukunyar har zuwa ramin bayan shago.

Ba ta yi kuka ba, kuma na so ta yi. Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba. Hanyar kwalta na bi ko ta ƙasa? Rufin shagon kwano ne? Rana tana kaiwa ƙarƙashin teburin? Sau nawa aka buɗe a yini? Na ce ban ƙirga ba. Ta ce in kimanta. Na ce wata rana goma, wata rana fiye.

Sai na jawo 'yar dabarar da na taho da ita tun daga Ƙonni. Na ce, "To ai Ramatu, in kin duba, wanga ma ya gaskata babanki. An tsorata ta, ta riƙe ɗiyan har ta mutu. Ba shi ne abin da yake hwaɗi ba?"

Ta girgiza kai. "A'a, Baba. Bai gaskata komi ba. Guda ce. Wataƙila zahin kwano ne, wataƙila girgizar moto, wataƙila dama ba ta da lahiya. Ba mu sani ba, kuma ba za mu taɓa sani ba."

Na ce, "To shi fa? Na cuce shi ko na taimake shi?"

Ta ce, "Wannan tsakaninku ne. Ba ni iya yahe maka a madadinshi." Ta juyo da kayen wajena, ta ɗora biro a kai. "Amma takardar ga, a hannuna take yanzu. Ka ja layi guda bisa abin da ka rubuta, siriri, yadda za a iya karantawa. Ka rubuta abin da ya hwaru a ƙasa. Ka sa sunanka."

Faransancin ya gudu, da Hausa na rubuta. Hannun da ya shekara arba'in yana bin layin ɗinki ya kasa jan layi ɗaya a miƙe.

A kan hanyar dawowa na yi ta auna abin da ya rage na Isufu. Tukwanen sun fashe, madubin ya ɓata, tambayarsa har yau ba ta da amsa a kan kulɓarmu, kuma a cikin gwaji tara da ya bari, mafi soyuwa gare shi ni na lalata. Ɗalibansa da yawa sun manta abin da ya koya musu, sai dai na san biyu ko uku da ba sa kashe kulɓa, suna kuma hana 'ya'yansu. Abin da na tabbatar bai mutu ba na gan shi a tsakar gidan nan, lokacin da na miƙa wa yarinya hanyar da za ta ceci ubanta ta cece ni, ta ƙi karɓa don ba ta da hujja. Ta ba ni haushi ƙwarai a lokacin, irin haushin da shi kaɗai yake iya ba ni.

Allah ya jiƙanka, Sarkin Kulɓa, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ban sani ba ko ka yafe. Da za a mayar da ni bakin gadon nan, idanunka a kaina, ba zan rantse cewa zan faɗi gaskiya ba, kuma wannan ne ke hana ni zama har yanzu.

Ramatu ta ce ba za ta cire tukunya ta tara daga littafinta ba. Za ta sa ta yadda take, da layin da na ja da bayanin da na rubuta. Ta tambaye ni ko ta ɓoye sunana, ta ce wani ɗan uwa kawai. Na yi tunanin a duk rayuwata wannan ne karo ɗaya da sunana zai shiga littafin jami'a, kuma a matsayin wanda ya ɓata aikin zai shiga. Na ce mata ta rubuta shi cikakke, da na ubana.